Ana ciniki kullum amma kanti sai ramewa yake, ina kuɗin ke shiga?

Wani ƙanena ne ya turo min tambaya ta salula, ya ce in amsa a fili ko wani zai amfana, shi ya sa ban sa sunanshi ba. Abin da ya ce a taƙaice: shekara uku kenan da ya buɗe butik na kayan masarufi a Garin Malam da jari jikka 800, wato sefa dubu 800, ba ranar da yake rufewa bai ƙirga kuɗi ba, amma kantoci sai ƙara fili suke, kaya na raguwa, alhali maƙwabcinshi da ke saida irin kayan har ya ƙara firigo na biyu. Wasu sun ce mishi rufe boda ne, wasu sun ce baki ne ya je ya nemi taimako. Ya ƙare da cewa "Yaya, in je in ɗauko kiredi in ƙara kaya ko kuwa?"

To ƙanena, kar ka ɗauko. Ba yanzu ba dai. Ni aikina kenan riƙe ma 'yan kasuwa lissafi, na daɗe ina yi a nan Damagaram, kafin nan kuma a kantin kawuna na tashi cikin Kasuwar Dole, kuma irin labarinka na ji shi ya fi a ƙirga. Wanda ke cikin halin da kake ciki in ya ci bashi ya zuba a kanti, ruwa ya zuba a rariya, bayan wata shida kantocin za su koma yadda suke, sai dai yanzu da mai bin bashi a bakin ƙofa.

Bari in fara sallamar maganar boda don kar ta tsaya mana a hanya. Gaskiya ne an sha wuya. Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta 2019 ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har aka yanke mana kuran, sai a Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, ga naira da aka saki a Yuni 2023 ta dinga gangarawa har wanda ke saro kaya a Singa ko Kantin Kwari bai san farashin da zai tarar ba in ya tashi daga nan da asuba. Duk na yarda. Amma ka tambayi kanka, maƙwabcin naka ta wace boda yake bi? Dan Barto ɗin nan da kake bi shi ma ita yake bi, duwan ɗaya, mota ɗaya wani lokacin ma kujera ɗaya. Ruwan da ya dake ka shi ya dake shi. In shi ya ƙara firigo kai ka rage kwali, to bambancin yana cikin ɗakin nan naka, daga bakin kanta zuwa akwatin kuɗi. Maganar baki kuwa, ka yi addu'a ka yi azkar, wannan kullum alheri ne, amma mu duba kaye, wato littafin lissafi, tukuna.

Tambayar farko da nake yi ma duk wanda ya zo min da irin wannan kuka ita ce: jiya nawa ka ci riba? Ba ciniki ba, riba. Akasari sai mutum ya yi dariya ya ce ai Alhamdulillahi an yi kamar jikka 40. Jikka 40 ɗin nan ba naka ba ne. Na kanti ne, na wanda ya ba ka kaya ne, na mai ɗaki ne, naka a ciki wataƙila bai kai jikka uku ba. Amma da yake hannunka ne ke ƙirgawa da dare, ido ya gani zuciya ta ɗauka nata ne, da safe uwargida ta ce cefane ka zaro, yaro ya ce an kore shi a lakwal kuɗin kaye ka zaro, abokin fada ya biyo ka ce a ɗora shayi ka ɗauko sukari da ganye daga kanta, ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi almubazzaranci a ganinka, amma uwar kuɗi ake ci da kaɗan kaɗan.

Bari in nuna maka da kwalin sabulu guda, lissafin misali ne amma ka sa naka farashin ka gani. Ka saro kwali a jikka 12, guda 60 ne a ciki, kowane ya zo maka a 200 kenan. Kana saidawa dala 45, wato 225. A ranka ribar kwali 1,500 ce. To cire kuɗin mota da ɗan dako da abin da aka bayar a hanya, a ce 500 ya faɗo kan kwalin nan, saura 1,000. An kai biyu gida don wanki, 450 ta tafi, saura 550. Wata baiwar Allah ta karɓi ɗaya ta ce sai maigida ya dawo, har yau bai dawo ba, saura 325. Leda ta ci 100. Ribar kwali gaba ɗaya 225, kuɗin sabulu ɗaya cif, kuma ba mu taɓa haya ba, ba mu taɓa kuran ba, ba mu taɓa patanti ba. Yanzu ka koma saro wani ka tarar ya zama 12,500. Abin da ke hannunka 12,725 ne, kana buƙatar 13,000 har da mota. Ka saida kwali kaf, ka yi ciniki kowa na gani, amma ba ka iya maido da shi. Ka ninka wannan a kan shinkafa da taliya da mai da madara da Maggi har shekara uku, shi ne filin da kake gani a kantocinka.

A nan akwai abu biyu da suka haɗu. Na farko farashi. Yawancinmu muna sa farashi ne a kan yadda muka saya, alhali a lokacin da kaya ke hawa dole ka sa a kan yadda za ka sake saye. Tsofaffin 'yan kasuwa sun san wannan ba tare da an koya musu ba, shi ya sa za ka ga Alhaji da sassafe yana buga waya Kano kafin ya buɗe, mutane su ce son kuɗi ne, a'a, yana tambayar nawa zai maida abin da zai fita daga hannunshi yau. Ban ce ka tsauwala ma mutane ba, kuma na san in ka ɗaga dala biyar wani zai wuce gaba, amma gara ka san a kan wane kaya kake haƙuri don riƙe mutane da a ce kana haƙuri a kan komai ba ka sani ba.

Na biyu shi ne aljihu ɗaya, kuma a ganina shi ne babban ciwon. Kawuna Allah ya jiƙanshi bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, amma rigarshi aljihu biyu gare ta kuma ba sa gaisawa. Na dama na kanti, na hagu na gida. Na sha ganinshi da idona, in aka aiko daga gida a karɓo Maggi, zai ɗauko ya ƙulla a leda ya miƙa ma yaron, sannan ya sa hannu a aljihun hagu ya ciro dala biyar ko goma ya jefa cikin gwangwanin Nido da muke tara ciniki. Ina yaro abin dariya yake ba ni, mutum na sayen kayanshi da kuɗinshi. Duk ranar Juma'a kafin mu tafi masallaci yake yanka ma kanshi abin da zai ci a satin, ya ɗauka daga dama ya sa a hagu, in ya ƙare ranar Laraba to gida sai a yi maneji da abin da ke rumbu, ko za a yi fushi ba ya komawa gwangwani. Sai da na yi karatun kwantabilite na gane abin da ake ce ma albashin mai kamfani shi tsohon nan yake yi.

Kuma kar ka ɗauka sai ka je an koya maka manyan lissafi. An taɓa gwada wannan a Jamhuriyar Dominika, aka raba masu ƙananan sana'a, wasu aka koya musu lissafin ajin makaranta, wasu aka ba su 'yan ƙa'idoji kawai irin su raba kuɗin gida da na sana'a a wuri biyu da yanka ma kai albashi, sai 'yan ƙa'idojin suka fi aiki, musamman ga waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba. A Lome ma nan Togo an yi wani da mutum 1,500 aka fitar da sakamakon a 2017: waɗanda aka horar a kan himma, wato neman sabon abu da kanka da hango matsala tun ba ta zo ba, ribarsu ta ƙaru da kusan 30 cikin 100 a shekara biyu, waɗanda aka yi ma darasin kasuwanci na gargajiya irin wanda mu muke koyarwa kuwa ƙarin nasu bai taka kara ya karya ba. Ni da nake cin abinci da lissafi wannan bai min daɗi ba wallahi, amma gaskiya ce, halin mai kanti ya fi takardar da ya riƙe.

Na san abin da za ka ce: Yaya ai ba a iya hana dangi. Ban ce ka hana ba. A garin nan wanda ya buɗe kanti ya zama asusun gida, suna da biki da ordonans na asibiti duk kai za a nufo, kuma wanda ya ce zai toshe kunne ba zai zauna lafiya da mutane ba, ni ma ba zan ba ka wannan shawara ba. Abin da nake cewa ka bayar daga naka. Ka yanka ma kanka albashi, ka ware wani abu a ciki na zumunci, in ya ƙare ka ce Inna wallahi na watan nan ya ƙare sai wani, kuma ba ƙarya ka yi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ka rabar da jarin bana baɗi kai ma layi za ka shiga wajen wani.

Sai bashi. Bashi hanji ne yana cikin kowa, butik na unguwa ba ya yiwuwa babu shi, ma'aikaci sai ƙarshen wata, manomi sai kaka. Amma ka riƙe wannan lissafin: in ribarka 10 cikin 100 ce na ciniki, bashin jikka 10 da ya mutu sai ka yi cinikin jikka 100 kafin ka dawo inda kake, ba ka ci komai ba, ramin kawai ka cike. Abin da ke ba ni mamaki mutane na jin kunyar rubuta bashi a gaban mai karɓa wai kamar rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kunyar me kuma? Ka sayi kaye na dala 40 da bik, kowa da shafinshi, rana da kaya da kuɗi, kuma kowa da iyakarshi, wane jikka 5 wane jikka 15, in ya kai sai ya rage kafin a ƙara. Wanda zai yi fushi don an rubuta dama ba mai niyyar biya ba ne.

A nan ne kawun nawa ya yi sake, kuma dole in faɗa tunda na yabe shi. Duk bashin da yake bin mutane a kanshi yake, bai taɓa mantuwa ba ko dala ɗaya, to amma ranar da ya faɗi ciwo kan ya tafi da littafin. Bayan rasuwarshi muka zauna ba mu san wa ake bi ba, waɗanda ke bin shi kuwa duk suka zo da faktir ɗinsu a hannu. Mutum uku ne kacal suka kawo da kansu suka ce ga abin da marigayi ke bin mu, Allah ya saka musu. Kantin da ya yi shekara da shekaru yana ciyar da gida bai kai shekara biyu ba a hannunmu. Kantin da duk sirrinshi ke cikin kan mutum ɗaya, zazzaɓin sati biyu ma ya isa ya girgiza shi.

Wani wurin da kuɗi ke kwanciya shi ne kayan da ba sa tafiya. Ka shiga butik ɗinka gobe ka shafa saman kwalaye, duk wanda ƙura ta yi ma hula kuɗinka ne ke barci. Mutane na ruɗuwa da kaya mai riba da yawa. Jikka 100 a sukari da shinkafa ko da ribar 4 cikin 100 ce, in ka juya su sau huɗu a wata ka samu jikka 16. Jikka 100 a turare ko wasu kwanukan da ribarsu 30 cikin 100 ce amma sai sun yi wata shida kafin su ƙare, jikka 5 kenan a wata, ga zafin Afrilu da ke lalata wasu, ga ɓera, ga kwanan wata da ke wucewa. Abin da ya kwana biyu ka karyar da shi ko a uwar kuɗi ne ka sa a abin da ake tambaya kullum. Kuma ka lura da abin da ake tambaya kana cewa babu, ka rubuta shi a bayan kaye, in an tambaya sau biyar a sati to kasuwa ce ke maka magana. Haka canji. Sau nawa mai jikka 5 ko jikka 10 ya zo sayen abin dala 100 ka ce babu canji ya wuce wajen maƙwabci? Ko ka bar kanti ka tafi yawon neman canji mutum biyu su zo su tarar ba kowa? Ka kwana da ƙananan kuɗi na kamar jikka 5 a gefe kullum, ƙaramin abu ne amma ciniki ne kake kora.

Ba ka faɗa min ko kana da yaro a kantin ba, amma na san da wuya a ce babu. Tun zamanin su Malam Yaro, babban attajirin Damagaram a ƙarshen ƙarni na 19, kasuwancin garin nan a kan uban gida da yaranshi yake tafiya, yaro ya yi hidima shekaru a sallame shi da jari ya tsaya da ƙafarshi. Tsarin yana da kyau in an cika alkawari. Abin da ya lalace yanzu, a ɗauko ɗan yaya ko ƙanen mata a ajiye a kanti ba albashi ba maganar sallama ba ranar ƙirga kaya, wai ai na gida ne. Saurayi ne fa, yana son kiredin waya, yana son esansi a moto, yana da budurwa, in ba ka yanka mishi ba zai yanka ma kanshi kuma ba zai kira shi sata ba. Ka faɗa mishi abin da zai samu a wata ko kaso a riba, ku ƙirga kaya tare, in an samu giɓi a yi magana tun yana ƙarami. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Kai ma kuma ka zauna a wurin, mai butik da rabin yininshi ke fada yana jiran shayi na uku ba shi da bakin cewa yaro ya cuce shi.

Takardu ba zan daɗe a kansu ba don ba su ne ciwonka ba yanzu. Ka dai sani in wata rana kana son ka kai ma wata ƙungiya ko ma'aikata ko jami'ar André Salifou kaya, za a tambaye ka NIF, wato lambar haraji, da RCCM, wato rajistar kasuwanci, da faktir mai kan gado, kuma tun 2010 dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci da Nijar ke ciki, ta buɗe wani matsayi mai sauƙi don masu ƙananan sana'a da lissafin shiga da fita kawai ake nema a wajensu. Banki ma ko asusun bada rance abin da za su fara tambaya kenan, ina kayenka.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba ya cin ko dala. Ranar Juma'ar nan ka rufe da wuri ka ƙirga duk abin da ke cikin butik a farashin sari na yau, kamar yadda ake yi in za a fidda zakka, ka haɗa da kuɗin da ke akwati da na cikin waya, ka haɗa da bashin da kake da tabbacin za a biya, wanda ka san ya mutu kar ka yaudari kanka ka bar shi waje, sannan ka cire wanda ake bin ka har da hayar da ba ka biya ba. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya, ka ajiye shi kusa da jikka 800 ɗin da ka fara da su, ka daure don wataƙila ba zai maka daɗi ba. Daga ranar Asabar duk abin da ya fita daga kanti ba ta hanyar ciniki ba, ko ashana ce ko alewar da ka ba ɗan maƙwabci, a rubuta. Ka yanka albashinka na sati. Bayan kwana 30 ka sake ƙirgawa.

In jarin ya ƙaru ko da jikka 10 ne a watan, to kantin na da rai, mu yi wata uku a haka sannan mu yi maganar ƙarin kuɗi, kuma ko a lokacin zan fi so ka fara da adashe ko ka nemi wanda kake sari a wajenshi ya ba ka kaya zuwa sati biyu kafin ka je inda za a ɗora maka ruwa. In kuma ya ragu, kayen zai nuna mana ta ina, ko gida ne ko bashi ko farashi ko yaro. Ka ɗauki hoton shafukan ka turo min ta WhatsApp, ko ka biyo ta wajena bayan la'asar da kayen a hannu, amma dan Allah ka rubuta da bik ba fensir ba.